Ragowar kwakwa da dabino a matsayin abincin tumaki: wanne za ka saya, wanne za ka bari?

Hatsi da ƙulin waken soya ba sa yin araha ga mai tumaki, domin mutum na nemansu, kaji ma na nema. Shi ya sa idon makiyayi ke komawa kan abin da masana'antun manja da gonakin dabino ke turewa gefe: ƙulin ƙwayar kwakwar manja, rassan da ake sassabewa, zaren da ke saura bayan matsa, laka mai maiƙo da ke fita daga injin tacewa, dabinon da bai kai na kasuwa ba, da ƙwallonsa. Duk sunansu ragowa, kuma mai sayarwa zai rantse maka cewa tumaki na ci. Gaskiyarsa ne, suna ci. Tunkiya mai jin yunwa har kwali tana ci. Tambayar da ta dame ka kai mai biya ita ce nawa ne daga abin da ta haɗiye ke zama a jikinta, nawa ne ke wucewa ya faɗo ta baya.

Yadda ake auna narkewa

Tsohuwar hanyar, wadda har yau ita ce ma'aunin sauran, da tumakin kansu ake yin ta. A sa rago a keji na musamman inda za a iya tattara duk abin da ya kasayar, a ba shi abincin na kwana 10 zuwa 14 domin ƙwayoyin halittar tumbinsa su saba, sannan a shafe kamar mako guda ana auna abin da ya ci da abin da ya fitar, duka bayan an busar. Idan ya ci giram 1,000 na busasshen abinci ya fitar da giram 350, an ce narkewar abincin kashi 65 ce cikin 100. Abinci irin ƙuli ba a ba da shi tsurarsa a wannan gwajin. Haɗa shi ake yi da ciyawar da aka riga aka san narkewarta, sai a ɗebe rabon ciyawar a lissafi.

Wannan aiki yana cin lokaci da dabbobi, don haka ɗakunan gwaje-gwaje suka samo gajerun hanyoyi. A 1963 wasu masana biyu a Ingila, Tilley da Terry, suka fito da dabarar zuba abinci a kwalba tare da ruwan tumbi na awa 48, sannan a ƙara wasu awa 48 cikin sinadarin da ke kwaikwayon ruwan narkar da abinci na cikin dabba. A 1979 Menke da abokan aikinsa a Jami'ar Hohenheim ta Jamus suka nuna cewa yawan iskar da abinci ke fitarwa yayin da yake tsima a ruwan tumbi ma'auni ne na narkewarsa. A shekarar dai, Ørskov da McDonald a Sikotilan suka tsara lissafin jakar nailan, wadda ake cusawa cikin tumbin dabba mai rai ta wata ƙofa da aka yi mata a kwiɓi, ana ciro ta lokaci bayan lokaci a ga abin da ya ragu. Dalilin kawo waɗannan sunaye shi ne, idan dillali ya miƙo maka takardar gwaji mai ɗauke da lambar narkewa, ka tambaye shi ta wace hanya aka samo ta. Lambar kwalba da lambar rago ba ɗaya ba ne, musamman ga abinci mai maiƙo, domin maiƙo ba ya fitar da iska a kwalba alhali dabba na samun ƙarfi daga gare shi.

Mafi yawan takardun da za ka gani ma ba su da lambar narkewa ko kaɗan. Furotin ne a sama da manyan baƙaƙe, sai maiƙo, sai faiba, wato zaruruwan tsiro. A nan ake yaudarar mai saye. Abin da ke yanke hukunci a kayan kwakwa da dabino shi ne liginin, sinadarin da ke mayar da tsiro itace, wanda ƙwayoyin tumbi ba sa iya fasa shi, kuma yana kulle sauran faibar da ke maƙale da shi. Idan takarda ta bi tsarin auna faiba na masanin da ake kira Van Soest, za ka ga ma'aunai uku: NDF da ADF da ADL. Na ƙarshen shi ne liginin. Duk abin da ligininsa ya kusanci kashi 20 cikin 100, ka ɗauke shi a matsayin cikon ciki.

Ƙulin ƙwayar kwakwar manja

Wannan shi 'yan kasuwar abincin dabbobi ke kira PKC, kuma shi ne babba a cikin kayan. Indonesiya da Malesiya, waɗanda ke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya, su ne manyan masu fitar da shi, Niyu Zilan kuma ta daɗe tana shigo da shi jirgi-jirgi saboda shanun madararta. Furotinsa tsakanin kashi 14 ne da 18. Faibarsa na da yawa, amma akasarinta wani nau'i ne da ake kira manan, wanda ke ba kaji wahala, tumbi kuwa yana iya sarrafa shi. Narkewarsa ga dabbobi masu tuƙa takan kama daga kashi 65 zuwa 75, ƙarfin da yake bayarwa kuma wajen megajul 11 ne a kowane kilo busasshe. Bai kai masara ba, amma ya yi wa kowane reshe da zare fintinkau. Wata falalarsa ita ce sitacinsa kaɗan ne ƙwarai, don haka ba ya jawo tsamin tumbi kamar yadda hatsi ke yi idan dabba ta zaƙe.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda aka matse da inji, mai ɗauke da ragowar mai kashi 6 zuwa 12, wani lokaci fiye da haka idan daga ƙananan injuna ya fito. Akwai kuma wanda aka tsotse mansa da sinadari, mai ragowar mai kashi 1 zuwa 3. Na farko ya fi ƙarfi, ga mai kiwon ƙiba shi ya fi. Sai dai mai ba ya son ajiya, kuma idan jimillar maiƙon abincin tunkiya ya wuce kashi 6 ko 7, yakan danne ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa, sai ka ci riba ta nan ka yi asara ta can. Na biyun ya fi daɗewa a ɗaki, furotinsa ya ɗan fi, amma ƙura gare shi kuma tumaki ba sa ɗokinsa.

Buhu biyu masu suna ɗaya sukan bambanta nesa ba kusa ba, kuma ɓawo ne yawanci sila. Ƙwayar tana cikin ɓawo baƙi mai tauri kamar dutse, wanda ba ya narkewa ko miskala. Injin da bai rairaye da kyau ba yakan niƙe ɓawon tare da ƙwayar, har ya haura kashi 10 na buhu. Ɗebi tafin hannu guda ka murza. Idan ka ji yana kartar fata, ka zuba shi a kwalbar ruwa ka girgiza. Ɓawo da yashi ne za su riga komai sauka ƙasa, ka gan su da idonka. Duba launi kuma. Ruwan ƙasa mai haske shi ake so. Wanda ya yi baƙi-baƙi yana warin ƙauri ya sha zafi a inji fiye da kima, furotin ɗinsa ya ƙone ya ɗaure, takarda za ta nuna yana nan amma dabba ba za ta same shi ba. Wanda kuma ke warin tsohon sabulu, mansa ne ya lalace.

Yanzu ga inda maganar ta bar hannun narkewa. PKC na ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, wanda ake rubutawa Cu a takardar gwaji, kimanin miligiram 20 zuwa 30 a kilo. Saniya ba ta damu da wannan ba, akuya ma tana da juriya fiye da tunkiya. Tunkiya ita ce mai matsala, domin hantarta tana tara jan ƙarfe amma ba ta iya fitar da shi da sauri ta cikin matsarmama. Iyakar da Tarayyar Turai ta ƙayyade a cikakken abincin tumaki miligiram 15 ne a kilo. Yi lissafin da kanka. A ce sauran abincin na da miligiram 8, ƙulin kuma 25. Idan ƙulin ya zama kashi 30 na abincin, jimilla ta kama wajen 13. A kashi 40 ta taɓa bakin 15. A kashi 60 ta haura 18. Masu bincike a Malesiya sun ga abin da idonsu: tumakin da aka ɗora kusan kacokan a kan PKC sun mutu da gubar jan ƙarfe, daga nan ne aka tsayar da shawarar kada ya wuce kashi 30 ga tumaki.

Muguntar wannan guba ita ce ba ta sallama. Makonni, har watanni, ragon yana ci yana ƙiba, gashinsa na sheƙi, kana ganin ka dace. Gwajin jini na yau da kullum ma ba ya nuna yawan jan ƙarfen sai an kusa gaɓa. Ranar da aka loda shi a mota, ko yanayi ya sauya, ko ya kwana da yunwa, sai hantar ta saki abin da ta tara cikin jini, jajayen ƙwayoyin jini su farfashe. Ido da dasashi su yi rawaya kamar mai ciwon shawara, fitsari ya koma ja mai duhu, cikin kwana ɗaya zuwa uku sai gawa. Idan aka buɗe, ƙodar ta yi baƙi tana ƙyalli. Jinsi ma na da tasiri: Texel na cikin waɗanda suka fi saurin kamuwa, Scottish Blackface kuwa na cikin masu juriya.

Akwai abubuwan da ke rage shigar jan ƙarfe jiki, su zink da molibdinam da salfa, kuma an nuna suna kare tumakin da ke cin PKC da yawa. Amma wannan aikin likitan dabbobi ne da mai haɗa abinci, domin idan aka zarce ana iya juya matsalar ta koma ƙarancin jan ƙarfe. Abin da ke hannunka shi ne kada ka ƙara wuta: dutsen lasa da garin sinadarai da aka yi wa shanu, da abincin kaji, da takin kaji da wasu ke zubawa a abinci, duk suna iya ɗauke da jan ƙarfe mai yawa. Kada ɗayansu ya haɗu da PKC a kwamin tumaki.

Saura abu ɗaya. Fosfaras ɗin PKC ya ninka kalsiyam ɗinsa kusan sau biyu, alhali akasin haka rago ke bukata, wato kalsiyam biyu fosfaras ɗaya. Idan ba a gyara da garin laimiston, wato dutse mai kalsiyam, ba, raguna na iya yin tsakuwar mafitsara, fitsari ya toshe. Mata ba su cika gamuwa da wannan ba saboda hanyar fitsarinsu gajera ce mai faɗi.

Rassa, zare da laka

Reshen kwakwar manja kyauta ne ko kusa da kyauta ga wanda ke zaune gefen gona, tun da dole a sare shi duk lokacin da za a cire gungun 'ya'ya. Kashi biyu ne a jikinsa: ganyen gefe, mai furotin sama da kashi 10, da karan tsakiya, wanda ya fi yawa a nauyi kuma kusan itace ne. Idan aka sassara su tare, furotin ya sauko zuwa tsakanin 4 da 7, narkewa kuma ta tsaya tsakanin 35 da 45. Cibiyar binciken noma ta Malesiya, MARDI, ta yi aiki mai yawa a kansa tare da masanan Japan a shekarun 1990, inda aka nuna yana iya tsayawa a madadin wani ɓangare na ciyawa, ɗanye ko bayan an tsima shi a rufe. Ga tumaki, kashi 30 na abinci ya isa. Ƙwayoyin tumbi na bukatar furotin aƙalla kashi 7 kafin su yi aiki sosai, saboda haka reshe shi kaɗai ramar da dabba yake yi tana tsaye da cikakken ciki.

Kwatanta su a kan sikeli. Kilo 100 na ɗanyen reshe, kusan biyu bisa uku ruwa ne. A ce busasshen ya kai kilo 35, kashi 40 ya narke, ka tashi da kilo 14. Kilo 100 na PKC kuwa busasshensa kilo 90 ne, kashi 70 ya narke, kilo 63 ke nan. Sai ka ɗauko reshe sau huɗu da rabi kafin ka kamo buhun ƙuli guda, ga kuɗin dako, ga na sara. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A ganina, reshe kayan maƙwabcin gona ne. Da zarar mota ta shiga lissafi, ya daina zama araha. Idan kana da hannun aiki, zage ganyen ka bar karan, domin tumaki ma abin da za su yi ke nan in ka ba su zaɓi.

Zaren da ke saura bayan an matse manja daga naman 'ya'yan ba ya bukatar dogon bayani. Liginin ɗinsa na kai wa kashi 20 ko fiye, yana daɗewa a tumbi, yana rage cin abinci, masana'antun kansu ƙona mafi yawansa suke yi a tukunyar tururi. Jiƙa shi da yuriya ko soda na ɗaga narkewarsa, amma wahalar ta fi romon yawa ga ƙaramin makiyayi. Gungun da aka kakkaɓe 'ya'yansa ya fi shi muni. Wannan taki ne.

Laka mai maiƙo da injin tacewa ke fitarwa ta fi su amfani. A bushe furotin ɗinta kan kai kashi 11 zuwa 14, tana da mai, tumaki kuma suna sonta idan sabuwa ce. Aibinta uku: kusan uku bisa huɗu ruwa ce, tokarta na da yawa saboda ƙasa da yashi, sannan cikin 'yan kwanaki take yin fumfuna. Ita ma tana da jan ƙarfe, saboda haka ba za ka ba da kashi 30 na PKC ka ɗora laka a kai ka ce ba ka wuce iyaka ba. Tare ake ƙirga su. Kafin ka yi ciniki, auna kilo ɗaya ka shanya har nauyinsa ya daina raguwa, ka ga abin da kake biya.

Ɓangaren dabino da kwakwar sha

A ƙasashen dabino kamar Masar da Saudiyya da Iraƙi da Aljeriya, lissafin ya sha bamban. Dabinon da aka tsame, wanda ya ƙanƙance ko ya fashe ko ƙwari suka taɓa, sukari ne kashi 60 zuwa 70 na busasshensa, furotin kuma bai wuce 2 zuwa 4 ba. Wajen narkewa babu na biyunsa a duk kayan da muka ambata, kuma daga nan haɗarinsa ke fitowa. Sukari na tsima nan take, tunkiyar da ta samu dama ta cika ciki da shi sai tsamin tumbi da zawo, wani lokaci mutuwa. Gurbin wani ɓangare na hatsi yake cikewa, kamar ɗaya bisa huɗu, a fara da kaɗan, kuma dole a nemo furotin daga wani wuri.

Ƙwallon dabino ɗan uwan PKC ne ta wajen manan, da mai kashi 7 zuwa 10, amma furotinsa 5 zuwa 7 ne kawai. Idan ba a niƙa shi ba, ko aƙalla a jiƙa shi kwanaki ya yi laushi, yadda ya shiga haka zai fita, ko kuma ta furzar da shi wajen tuƙa. Taurinsa na cin haƙoran injin niƙa, ka sa wannan a lissafi. Niƙaƙƙe yana da amfani daidai gwargwado. Ni ba zan kai shi sama da ɗaya bisa biyar na abincin ƙarfi, wato haɗin hatsi da ƙuli, ba. Busasshen ganyen dabino kuwa ajinsu ɗaya da bambaro, ga ƙayar da ke gindin reshe wadda sai an cire.

Ƙulin kwakwar sha, wanda Filifin da Indonesiya suka fi fitarwa, ya fi PKC furotin, wajen kashi 20 zuwa 22, ya fi shi laushi da daɗin ci, narkewarsa ma ta ɗara. Amma bai kuɓuta daga jan ƙarfe ba, kuma idan ba a busar da naman kwakwar da kyau ba kafin matsa, gubar fumfuna ta afulatoksin na iya shiga. Duk buhun da ya dunƙule ko yake warin rima, bar shi.

Wa ya kamata ya sayi me

Mai kiwon ƙiba na wata biyu zuwa uku shi ya fi kowa cin moriyar PKC mai mai, domin ragunan za su bar hannunsa kafin hanta ta cika, muddin ya tsaya a kashi 30 ko ƙasa, ya sa laimiston, ruwan sha kuma bai yanke ba. Ragon kilo 30 na cin kusan kilo ɗaya na busasshen abinci a rana, ke nan giram 300 na ƙulin ne iyakarsa. Mai garken haihuwa, wanda tumakinsa za su shekara suna cin abu ɗaya, ya fi kowa bukatar taka tsantsan. Gare shi zan rage zuwa kashi 15 ko 20, in kuma riƙa dakatarwa idan ciyawa ta samu. 'Yan ragunan da ba a yaye ba, tumbinsu bai gama ginuwa ba kuma jikinsu ya fi saurin tsotse jan ƙarfe, kada a fara da su.

Kowanne ka zaɓa, shigar da shi a hankali cikin mako biyu, kana cuɗa shi da dusa ko wani abin da suka saba. PKC musamman yakan ɗauki kwanaki kafin su yarda da shi, ɗan yayyafin ruwa ko molas, wato ragowar ruwan rake mai kauri, na taimakawa. Idan kana so ka san ko cinikin ya biya, raba dabbobi masu kai ɗaya gida biyu, ɗaya a kan tsohon abinci ɗaya a kan sabo, ka riƙa auna su duk mako biyu da safe kafin su ci, har wata biyu. Sikeli zai gaya maka abin da ya narke. Game da hanta kuwa, ranar da aka yanka na farko daga cikin masu cin ƙulin, yanki ɗan guntunta ka kai wa likitan dabbobi a auna jan ƙarfen da ke ciki kafin ka sayi lodi na gaba.